Ciwon da Ba Ya Warkewa Sai a Gidansu

Da sunan Allah nake farawa, Shi ya saukar da cuta ya saukar da maganinta. Ban rubuta wannan don na iya rubutu ba. Na rubuta ne don magidanta irina, ko wani zai tsaya a inda ni ban tsaya ba.

Sunana Sabi'u. Manomi ne ni, da rani ina tumatir da albasa a bakin kogin Watari, da damina in koma gonarmu ta gado. Duk wanda ya san ni ya san ba na karɓar abu sai na juya shi na ga bayansa. In na sayi taki sai na zura hannu cikin buhun har gwiwar hannu, ko an haɗa da yashi. In dillali ya cika yi mini fara'a, na san da magana a ƙasa. A majalisa Ɗansanda suke ce mini, ni kuma ina jin daɗin sunan, don a ganina wayo ne.

Matata Zulai 'yar wani ƙauye ce ta wajen Rimin Gado. Shekararmu tara, 'ya'yanmu uku. Ba ta da yawan magana, ga kunya irin ta mutanen da. Gida ɗaya muke da iyayena, su da sashensu mu da namu, amma tun da aka kawo ta ba ta taɓa kai loma baki a gaban Baba ba, ba ta taɓa ɗaga ido ta dube shi ba. Inna, mahaifiyata, har alfahari take da ita a gidan biki. "Surukata? Ai ko tari ba ta yi in Malam yana tsakar gida."

Shekarar da abin ya fara, jarrabawa ta zo mana a jere. Da damina ruwa ya yi gyara, bayin sashenmu ya rufta, masai da katanga gaba ɗaya. Muka koma shiga na sashen su Baba, na ce in an yi girbi zan haƙa sabo. Ana gama girbi Baba ya faɗi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Mutumin da ba ya rasa jam'i sau biyar a rana ya koma sai an ɗaga shi. Muka kafa masa rumfa a tsakar gida. Da hantsi mu fito da shi, ya wuni yana jin rediyo yana gaisawa da masu dubiya, sai bayan isha'i mu mayar da shi ɗaki. Abin da na tanada na gini ya tafi a jinyarsa.

Ba a yi wata biyu ba na fara ganin Zulai tana dafe mara in ta sunkuya. Sai da na matsa mata sannan ta ce, kanta a ƙasa, "Malam, in na zaga zafi nake ji. Kamar an zuba barkono."

Na je wurin Ɗanlami mai kemis na garinmu. Ban ma gama bayani ba ya ce, "Sanyi ne. Ai matan yanzu duk da shi suke yawo." Ya ba ni kafso na kwana biyar. Ta sha na kwana uku ta ji sauƙi, na ce a ajiye sauran saboda gaba. Mako uku ciwon ya dawo. Ta sha sauran, bai yi komai ba. Ɗanlami ya yi mata allura. Da ciwon ya sake dawowa karo na uku sai na ce to, mutumin nan lalataccen magani yake sayar mana, ko kuma da gangan yake ba mu mai rauni don mu riƙa komawa. Na daina ko gaishe shi. Yanzu na san bai cuce ni ba, iyakar saninsa ke nan.

Inna ta karɓi jinyar. Jiƙe-jiƙe, sassaƙe, kanumfari da citta, ruwan bagaruwa a zauna a ciki. Kowace mai dubiya ta zo da nata, wata ta ce tafarnuwa, wata ta ce a daina cin mai. Zulai ba ta musu, duk abin da aka miƙa mata sai ta kurɓa. Zafin ya lafa kwana biyu, ya dawo da ƙarfinsa.

A wata na huɗu muka je asibitin ƙaramar hukuma. Mun isa da sassafe, ba mu ga likita ba sai bayan azahar. Aka gwada fitsari aka ce akwai ƙwayoyin cuta, aka rubuta magani na mako ɗaya. Wannan karon ta shanye tas. Mako biyu lafiya lau, har na ce alhamdulillahi an rabu. A na uku sai ga zazzaɓi da rawar sanyi, ga ciwo a gadon bayanta ta hagu. Muka koma, aka ce maleriya ce. Muka sake komawa, aka ce taifot. Kowane zuwa da sabon suna da sabuwar ledar magani. Na fara cewa a raina, ma'aikatan nan sun san abin da ke damunta, ja mana rai kawai suke.

Da bazara ta kama, lokacin da ko inuwa zafi take, sai ta zube. Amai, jiki kamar garwashi, ba ta gane wanda ke kanta. Kwana biyar muka yi a gadon asibiti ana mata ƙarin ruwa. Akwai wata nas, ban riƙe sunanta ba, da take zagayowa ko ba aikinta ba ne ta taɓa goshinta. Allah ya saka mata da alheri. Ranar sallama Iya, mahaifiyar Zulai, ta ce a ba ta ita ta je gida ta huta. Ban so ba, amma ba a musu da suruka a bakin asibiti.

Bayan mako uku na je na ɗauko ta. Wallahi sai da na sake kallonta. Ta yi kumatu, idonta ya washe, har tana tsokanar ƙannenta. Muka dawo gida. Kwana goma sha biyu, ta sake dafe mara.

Iya ta sake ɗaukar ta, ta sake warkewa. Ta dawo, ta sake kwanciya. Da aka yi na uku, ba ni kaɗai ba, kowa a gidan ya lura.

Inna ta ce, "Sabi'u, buɗe idonka. Masai ya rufta, Malam ya faɗi, yarinya ta kwanta, duk a shekara ɗaya? Kuma da ta bar gidan sai ta miƙe? An binne mana wani abu a gidan nan." Aka kawo rubutu, aka yi turare har yara suna tari, aka yayyafa tofi a kowace kusurwa.

Ni nawa zargin ba can ya nufa ba. Wata rana a majalisa, Haladu abokina ya ja ni gefe. "Ɗansanda, kai da ba a yi maka wayo. Sanyin nan fa ba daga sama yake faɗowa ba. In ba kai kake ba ta ba, to ka yi tunani." Na yi dariya na ce ya daina shirme. Amma washegari na hau mashin na tafi wani ɗakin gwaji inda ba wanda ya san ni, na ba da jini da fitsari. Aka ce ba ni da komai. Na fito da takardar a aljihu, maimakon in yi murna sai zarginta ya shige ni.

Daga ranar na fara sa mata ido, kuma mai neman abin zargi ba ya rasawa. Na lura in na miƙa mata ruwa sai ta taɓa da leɓe kawai ta ajiye, ko da rana ta take. Na ce to, ko abin hannuna take gudu. Na lura ta daina shan kunun safe. Na lura in la'asar ta yi ba ta iya zama wuri ɗaya, ta tashi, ta zauna, ta leƙa tsakar gida, gumi yana tsattsafo mata. Na ce wa take jira? Na ɗauki wayarta na bi lambobin ɗaya bayan ɗaya, ban ga kowa ba sai Iya da ƙannenta, na ce ai ana gogewa. Wani lokaci in ce da gangan take langaɓewa don a mayar da ita gidansu, wani lokaci in ce akwai wanda take gani a can. Tunani biyun ba su ma dace da juna ba, amma na riƙe su duka.

A cikin wannan halin sau uku tana ce mini, "Malam, zancen ginin nan fa?" Na farko na ce sai an cire tumatir. Na biyu na ce injin ban ruwa ya lalace, shi ne a gaba. Na uku na daka mata tsawa. "Ina fama da kuɗin maganinki kina yi mini zancen bulo?" Ba ta sake tayarwa ba.

Da damina ta zagayo, wani matashin likita a asibitin ƙaramar hukuma ya zauna ya bi katinta tun daga farko. Ya ce, "Malam, sau bakwai ke nan cikin shekara. Wannan ya wuce a yi ta canza mata kafso. Ku tafi babban asibiti cikin Kano, wurin likitan ƙoda da mafitsara." Ya rubuta mana takarda. Ko shi sai da na ce ƙila yana da kaso a can.

Muka sauka a unguwar Bacirawa gidan ɗan baffana don mu kama layi da wuri. Ranar farko kati kawai muka samu. Ranar biyu aka ba mu ranar ganin likita, sai nan da wata biyu. Na ce wa mai rubutun, "Ranka ya daɗe, in ta mutu kafin nan fa?" Bai ɗago ba ya ce, "In ya yi tsanani ku zo ta ɓangaren gaggawa." Da ranar ta zo aka ce ba a ga fayil ɗinta ba, aka ƙara mana mako uku. Da muka samu shiga, wani ƙaramin likita ne ya rubuta gwaje-gwaje: hoton ciki, gwajin jini, da wani gwajin fitsari da ake ajiyewa kwana uku a ga irin ƙwayar da za ta tsiro. Ya ce kada ta sha kowane magani kafin a ɗiba. A duk yawon da muka yi, ba wanda ya taɓa gaya mana haka. Na sayar da ragon da nake kiwo da buhun masara biyu. Wata dattijuwa mai shara ce ta riƙa nuna mana ƙofofi, ba ta karɓi ko sisi ba. Ita ma Allah ya biya ta.

Sai bayan girbi muka zauna gaban babbar likitar. Mace ce, ta manyanta, da tabarau a kan hanci. Ta daɗe tana duba takardun. Sannan ta juya hoton ta nuna mini da biro.

"Ka ga wannan? Ƙodarta ta dama ce, lafiyarta ƙalau. Ka ga ta hagu? Ta ƙanƙance, duk tabo ne. Ciwon yana hawowa daga mafitsara yana cin ta, kowane zuwa ya bar mata tabo. Abin da ya tafi ba zai dawo ba. Aikinmu yanzu mu tsare ta daman."

Mutumin kirki a nan zai ce innalillahi, ya tambayi abin da za a yi. Ni hannu na sa a aljihu na fito da takardar gwajina, wadda na yi wata biyar ina yawo da ita. Na ajiye a kan tebur.

"Likita, ni an gwada ni, ba ni da komai. To ita a ina take kwaso shi?"

Zulai tana gefena. Ban kalle ta ba. Likitar ta dubi takardar, ta dube ni ta saman tabarau, ta tura mini abata da ɗan yatsa.

"Malam, wannan ba irin ciwon da kake nufi ba ne. Ba a wurin kowa ake kwaso shi ba. Mayar da takardarka." Ta juya ga Zulai, ta sassauta murya. "'Yata, kofi nawa na ruwa kike sha a wuni?"

"Ɗaya. Wani lokaci rabi."

"Har da bazara?"

"E."

"Sau nawa kike zagayawa?"

Sai da ta sake tambaya sannan ta ce, "Da asuba. Sai kuma bayan isha'i."

"Tsakani fa? Ba kya ji?"

"Ina ji."

"To me yake hana ki?"

Zulai ta ja mayafi ta rufe fuska. Likitar ba ta matsa ba. Ni ta juyo wa. "Malam, ina banɗakinku yake?"

Na gyara zama, don wannan tambaya ce da na san amsarta. Na ce namu ya rufta bara, na sashen iyayena muke shiga. Ta ce in kwatanta mata hanyar. Na ce in ka fito daga ɗakinmu sai ka ratsa tsakar gida, ka bi ta gaban rumfar Baba, ƙofar bayin tana nan dab da inda yake kwan...

Ban ƙarasa ba. Na ga hanyar a idona kamar yau na fara ganinta. Taku uku ne tsakanin tabarmar Baba da ƙofar. Duk mai shiga sai ya wuce ta gaban fuskarsa da buta a hannu, kuma duk abin da aka yi a ciki yana ji. Da yana da ƙafa, sau biyar yake fita masallaci, gidan ya zama nata. Tun da ya faɗi, daga hantsi har isha'i yana nan. Ni na kafa rumfar da hannuna, ni na zaɓi wurin saboda ya fi iska.

Likitar ta ce, "Mafitsara ba randa ba ce da za a cika a rufe. Fitsarin da ya wuni a ciki shi ƙwayar cuta take so, ga shi ba ruwan da zai wanke ta. A gidansu tana sha tana zagayawa, shi ya sa take warkewa. Ko maganin duniya na ba ta, in ta koma wannan zaman ciwon zai dawo." Ta rubuta maganin da gwajin ya nuna zai kashe ƙwayar, don waɗanda muka yi ta ba ta rabi-rabi sun daina yi mata aiki. Ta ce ruwa kofi takwas, zagayawa duk bayan awa uku, a dawo bayan wata uku a sake duba ƙodar. Muna tashi ta ce, "Kai kuma Malam, ka haƙa masai. Shi ne rabin maganin."

Da muka zo tasha ta ce, "Ka sa ni a motar Rimin Gado." Na sa ta.

Da na gaya wa Inna, zama ta yi a ƙasa ta riƙe kai. "Ni da nake yabonta a gidan biki! Ashe kashe kanta take ina tafa mata." Ta ce su ma a zamaninsu ba sa wucewa gaban suruki da buta, amma a lokacin akwai fili a bayan gida, mace ta fita ta ƙofar baya ba wanda ya gan ta. Yanzu ta ko'ina katangar wani ce ko gonar wani. Baba ba mu gaya masa ba, kuma ba za mu gaya masa ba. Da ya ji ƙarar diga ya tambaya, na ce gyara nake.

Kwana huɗu na yi ina haƙa da hannuna, ban ɗauki lebura ba. Bulo da siminti da murfi gaba ɗaya ba su kai abin da na kashe a kwanciyarta ta asibiti sau ɗaya ba. Wannan shi ne ya fi ci mini rai.

Saboda haka, ɗan'uwa, in matarka ko 'yarka tana fama da zafin fitsari yana tafiya yana dawowa, kada ka tsaya a kemis, kada ka yarda a raba magani biyu. Ka nemi a yi gwajin nan na kwana uku, ka nemi takardar zuwa wurin likitan da ya san abin, ko layin zai kai wata nawa. Kafin duk wannan, ka tsaya a ƙofar ɗakinta ka bi hanyar bayi da idonka, ka ga gaban wa take wucewa. Ba za ta gaya maka da baki buɗe ba, ba haka aka rene ta ba.

Da simintin ya bushe na tafi biko. Baffa, mahaifinta, ya karɓe ni a zaure ba yabo ba fallasa. Ya ce, "Ni ban riƙe ta ba, ban kuma kore ta ba. Shiga ka yi magana da ita."

Na same ta a ɗakin Iya tana tsince shinkafa. Ta gaishe ni kamar yadda ta saba. Na ce mata an gama gini, har da ƙofar langa-langa da sakata. Na ce an mayar da rumfar Baba can gindin darbejiya. Na ce yara suna ta tambayarta. Ta ce, "Sannu da aiki." Na ce ta yi haƙuri da abin da ya faru, sharrin shaiɗan ne da zugar mutane.

Ta ajiye farantin. Karon farko a shekara tara ta dube ni ido cikin ido.

"Malam, ƙodar ban riƙe ka da ita ba, ƙaddarata ce. Amma shekara guda cur ina riƙe fitsari tun hantsi har dare don kada in wuce ta gaban mahaifinka da buta. Kai ka kasa riƙe bakinka na minti ɗaya a gaban baƙuwa."

Yau kwana arba'in da wannan maganar. Tana can, ina nan, kuma har yanzu ban samo abin da zan ce mata ba.